Hannun Bronya

Bronya Zelik ta fi shekara goma a kujerar da ke kusa da tawa, a gidan zanen majigi na Mista Ordway a New York. Maza su zana akuyar fim ɗinmu mai hula da fensir, mu mata mu ɗora leda mai kamar gilashi a kai mu bi layin da tawada, leda bayan leda, in an haska su a jere sai akuya ta taka rawa. Layin Bronya kuwa, sai wanda ya gani. Ko gahawa ba ta sha, wai tana sa yatsu ɓari.

Sai ga hannun ya fara rawa don kansa.

"Ke Dolores, rufa min asiri," ta ce min. "In na bar kujerar nan, me kuma na iya?"

Na riƙa ɗebe rabin aikinta ina yi a ɓoye, amma ina! Ranar da aka haska sabon fim, kunnen akuya sai karkarwa yake kamar mai zazzaɓi. Maza suka kwashe da dariya, 'yan banza. Mista Ordway bai ko tambayi hannun wane ne ba, ya sani.

Bai kori Bronya ba, ya dai tura ta ɗakin ƙasa, wurin wanki. Leda tana da tsada, saboda haka da an ɗauki hotonta sai a wanke zanen a dawo mana da ita. Mu na sama ba mu taɓa damuwa da mai wankewa ba.

Da rana na sauka da burodi. Na tarar da ita gaban baho da tulin ledojin da ta zana bara, lokacin da hannunta ke lafiya. Raina ya ɓaci.

"Ki soke ɗaya a riga mana, wa zai sani?" na ce mata.

"In kai ta ina? Gobe ke za ki neme ta ki yi zane." Ta tsoma ledar a ruwa, akuyar ta narke. "Kin ga, a nan rawar hannun ma taimako take yi."

Na ajiye mata burodin na hau sama.

Washegari aka kawo min ledoji wankakku. A ta sama akwai inuwar layinta, bai gama fita ba. Na daɗe ina kallo, har Mista Ordway ya ƙwanƙwasa teburina. Na tsoma alƙalami na zana nawa a kai.