Idris Maƙeri da Injin Ƙanen Matarsa

A Bungudu, wajen shekarar 1955, in ka ce ƙarfe to ka ce Idris. Gadon ƙira ya yi tun kakanni, kuma ya fi son a zagi fuskarsa da a yabi fartanyar wani a gabansa.

Sai ga Mas'udu, ƙanen matarsa Hauwa, wani tela a Tudun Wadan Gusau, ya sayi tsohon injin sassaƙa ƙarfe a hannun wani ma'aikacin reluwe. Da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki. Ba don sana'a ya saya ba, don nishaɗi ne kawai, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Idris rai. Ran da Hauwa ta dawo daga Gusau da ɗan gidan kwalli na tagulla da Mas'udu ya sassaƙa a injin, sumul babu tabon guduma, mata suka yi ta karɓa hannu da hannu, Idris ko tuwo bai ci ba.

Ranar Juma'a ya zuba babbar rigarsa ya nufi Gusau, wai zai nuna wa tela yadda ake taɓa ƙarfe.

"Yaya, tuɓe rigag ga tukuna," in ji Mas'udu. "Injin ga ba ya son abin da ka lilo."

"Kai za ka koya min ƙarfe? Ɗinki nai maka gardama?"

Ya taka da ƙarfi, ya duƙa da gadara. Hannun riga ya naɗe a jikin ƙarfen da ke juyawa, ya fizgo shi har haɓarsa ta daki injin. Mas'udu ya yi wuf ya danne ƙafar injin, ya sa almakashi ya yanke rigar. Idris ya tsira da hannunsa, amma riga ta zama tsumma.

Mas'udu bai yi dariya ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba, har Hauwa. Ya ɗauko wata riga cikin ɗinkinsa ya ba shi. Da ma ya yi dariyar, da Idris ya sami abin riƙewa.

Da ya shiga Bungudu da yamma, mutane suka tare shi a bakin maƙerarsa.

"Kai, Malam Idi, rigag ga ta yi kyau! Wa ya ɗunka ma?"

Idris ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunan Mas'udu.