Birane Mai Keken Doki da Baƙi Masu Neman Gidan Ngone

Shekara talatin da ɗaya Birane Mbengue ya yi yana tuƙa keken doki a tsibirin Ndar. Mahaifinsa masunci ne, 'yan'uwansa ma haka, shi kaɗai ne teku take juya wa ciki, shi ya sa ya kama doki.

Bai yi boko ba, Faransancinsa na titi ne. Amma tun da aka fitar da wani littafi wanda labarinsa ya faru a garin, baƙi suka fara zuwa da shi a hannu, suna tambayar gidan Ngone da bakin ruwan da take tsayawa jiran mijinta Daur.

Da farko yakan ce, "Wace Ngone? Muna da su fiye da ɗari."

Daga baya ya gane ashe Ngone da Daur mutanen cikin littafin ne. Sai ya shiga tambayar fasinjoji, wannan ya ba shi babi guda, waccan ta gyara masa, har ya haddace labarin da kunne. Da kansa ya gano tsohon gidan mai barandar katako, da layin da ke bayan masallaci, waɗanda littafin ya ambata. Ƙarshen kawai aka hana shi. Kowa sai ya yi murmushi ya ce ba ya son ɓata masa. Don haka ya ƙera nasa: Daur ya dawo da kwalekwale cike da kifi. Haka yake faɗa wa duk baƙon da bai gama karatu ba.

Matarsa Rokhaya takan ce, "Tsoho, ka ji tsoron Allah. Littafin da ba ka taɓa buɗewa ba kake yi wa ƙarshe?"

"To masu littafin ma ai ƙirƙira suka yi," in ji shi.

Wata Laraba da hantsi ya ɗauki wata malamar makaranta daga Mopti, Kadidia Tambura. Suka tsallaka zuwa unguwar masunta, ya tsaya inda ake shanya kifi, ya kwararo mata dawowar Daur.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, wa ya faɗa maka haka?"

"Ba haka ba ne?"

"Kana so ka ji?"

Ya ɗaure linzami. "Karanta."

Ta ciro littafin, ta karanta shafi huɗu na ƙarshe a hankali, tana sauƙaƙa masa kalmomin da suka yi nauyi. Daur bai dawo ba. Ngone ta yi takaba, ta sayar da ragarsa, ta koma sana'ar busasshen kifi.

Birane ya juya ya dubi matan da ke shanya kifi. Can ya ce, "Ƙanena Ablay shekara tara ke nan da fita teku, bai dawo ba. Matarsa ga ta can, mai koren ɗankwali."

"Ka yafe ni, Baba, ban sani ba."

"Ba laifinki. Wanda ya rubuta ya san garin nan."

Ranar bai ƙara ɗaukar kowa ba. Ya mayar da malamar masaukinta, ya koma ya zauna wajen matar ƙanen nasa, suka ci shinkafa da kifi, suka yi hirar Ablay, abin da ya daɗe yana kauce wa.

Tun daga nan in ya kawo baƙi bakin ruwa, yakan tambaya ko sun gama littafin. Wanda bai gama ba, sai ya nuna masa wurin ya yi shiru. Ya kuma hana ɗaukar hoton matan da ke shanya kifi ba da izininsu ba, har wasu suka ce ya fiye faɗa.

Bara ciwon baya ya ajiye shi, ya sayar da dokin ga wani mutumin unguwar Sor. Sababbin masu keken sukan biyo ta ƙofar gidansa su tambaye shi wane layi ne ke kaiwa gidan mai baranda, yana kwatanta musu daga kan tabarma.