Ikilima Tela da Daraktan da Ya Tsallake Ta

Duk wanda ya san layin teloli a kasuwar Karshi ya san Ikilima Datti. Tana da shekara tara mahaifinta ya taho da su daga Funtuwa ya kafa rumfar atamfa, tana da sha biyar ta hau keken ɗinki. Hannunta yana da kyau, bakinta kuwa reza. Shagon da ke manne da nata na Sadisu ne mai gyaran janareta, shekara shida suna faɗa a kan ƙara da hayaƙi.

"Oga Sadisu, injin kake gyarawa ko kashe mu ka zo yi?"

"Hajiya, ki bari ya tashi mana. Shi ma yana jin muryarki yake mutuwa."

Suna cikin irin wannan wata Laraba wani matashi mai suna Abdulhakim ya shigo. Darakta ne, yana shirya fim mai dogon zango da za a riƙa sakawa a intanet, ya zo a ɗinka masa riga ruwan azurfa ta jarumar fim ɗin. Labarin wani makanike ne da ya tsinci mutum-mutumi mace a bola ya gyara ta. In akwai wuta tana mutuwar sonsa, da an ɗauke sai ta manta shi, ya koma neman soyayya daga farko. Abdulhakim ya ce ya gwada 'yan wasa sun fi ashirin, babu biyun da jininsu ya haɗu. Ya zauna yana sauraron faɗan nan yana ƙyalƙyala dariya, daga ƙarshe ya ce su yake nema.

Mako uku Ikilima tana rufe shago da la'asar tana zuwa gwaji. Rabin maganganun ban dariyar fim ɗin daga bakinta suka fito, Abdulhakim yana rubutawa. Ranar fara ɗauka ta hau mota tun sassafe ta tafi Ushafa. Tana isa gindin dutsen da aka kafa kyamara ta tarar da wata doguwar yarinya, Kauthar, sanye da rigar da Ikilima ta kwana huɗu tana ɗinkawa.

Abdulhakim bai ko ja ta gefe ba. A gaban kowa ya ce, "Mai ɗaukar nauyi ne ya ce a sa ta, mabiyanta a intanet dubu ɗari uku. Ke kuma, Anti, gaskiya fuskarki ba ta fosta ba ce."

Wasu suka yi dariya. Sadisu ya sunkuyar da kai, amma bai biyo ta ba. Ta tako har bakin titi a ƙasa, kafin ta sami mota ta riga ta rantse sai Abdulhakim ya ɗanɗana kuɗarsa.

Wata biyu ba ta ce wa Sadisu ko sannu ba. Da kashin farko na fim ɗin ya fita ta kalla har sau uku, ta karanta ra'ayoyin masu kallo ɗaya bayan ɗaya, ranta fes. Kauthar kyakkyawa ce, amma tana kallon Sadisu kamar mai jiran canji a tasha, shi kuma yana tsoron haɗa ido da ita. Wani ya rubuta cewa ya kasa gane wane ne mutum-mutumin a cikinsu.

Washegari ta leƙa shagon Sadisu. "In kana son in sake amsa gaisuwarka, gobe ka wanke hannunka ka zo."

Nasu fim ɗin suka fara. Perpetual, mai kitso a bayan layi, ita ta riƙe waya tana ɗauka. Labarin na Ikilima ne: wata tela ce makaniken maƙwabcinta ya haɗa wa kekenta wayar wuta ba daidai ba, in ta taka shi da baya sai a koma jiya. Kullum ya zo ya furta yana sonta, sai ta taka, ya dawo ya sake, ita tana gyara masa kalaman. Ba su rubuta komai ba, faɗansu kawai suka yi a gaban wayar. Abdulhakim yana sakin nasa ranar Juma'a ƙarfe huɗu, don haka ta riƙa sakin nata huɗu saura kwata. Da ya koma Asabar ta bi shi can. A kashi na biyar mai ɗaukar nauyinsa ya janye.

Sai ga Abdulhakim a Karshi da ledar lemo. Ta bar shi tsaye har ta gama kafa hannun wata riga, sannan ya ce su haɗa ƙarfi, shi yana da kyamara.

"Darakta muna da ita," ta nuna Perpetual. "Amma akwai gurbin firji mai magana. Sai dai a gwada ka."

Ya yarda, don yana ganin ƙofa ce. Da tsakar rana ta kifa masa kwali a ka a bakin tasha, ta sa shi ya maimaita layi ɗaya sau goma sha biyu, 'yan kasuwa sun kewaye shi. Da ya cire kwalin gumi na zuba, ta ce za ta neme shi. Ba ta neme shi ba, ta ba wani mai sayar da rake gurbin.

Sadisu ya ce, "Haba Hajiya, ai ya isa haka." Ta ce shi ma bai gama fita ba, ya kama bakinsa.

Yanzu shirin ya haura kashi arba'in, har otal-otal na cikin gari suna gayyatarsu. Masu kallo sun dage sai ita da Sadisu sun yi aure, ita kuwa ta ce a wayar ma haƙuri take yi da shi. Abdulhakim ya koma ɗaukar bidiyon biki a Kubwa. Duk amaryar da ta kawo ɗinki sai Ikilima ta tambaye ta wa zai ɗauki bikin, in shi ne ta ba ta lambar wani. Mahaifinta ya yi mata faɗa, ya ce riƙo ba halin Musulmi ba ne.

"Na ji, Baffa," in ji ta. "Ka yi mini addu'a. Amma ba bana ba."