Inna Lijsbet, Mai Sauka Cikin Jiragen Batavia

Da zarar an hango jiragen ruwa masu dawowa daga Batavia sun doso tsibirin Texel, gari ya ruɗe ke nan. 'Yan kasuwa na murnar barkono da kanumfari, matan matuƙa kuwa na fargabar halin da mazansu za su dawo a ciki.  Inna Lijsbet takan cika tulu da romon kabeji don majinyata, ta ɗaure hanci da tsumma mai ruwan tsami, ta shiga kwalekwale.

Can ƙasan jirgi take sauka, inda ake jibge waɗanda ciwon doguwar tafiya ya kayar: dasashi ya yi baƙi, haƙora na zuba, ƙafafu sun kumbura suntum. Ƙattan da suka kara da 'yan fashin teku sukan ja birki a bakin tsani su ce, "Inna, mu dai iyakarmu nan." Kada ka zaci ita ba ta tsoro. 

Amma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne murna. Mai wannan ciwo in ya zabura ya miƙe, zuciyarsa tsayawa take cak. Da idonta ta ga wanda ya ji muryar uwarsa, ya tashi, ya faɗi matacce.

Bara saura ƙiris a maimaita. Aagje, matar Wouter mai ɗinkin filafilan jirgi, ta faki ido ta biyo Inna har ƙasa, inda mijin nata ke kwance.

"Wouter! Tashi mana, rago, ga ni na zo!"

Bawan Allah ya fara yunƙurawa, idanu sun firfito, numfashi na sarƙewa. Inna ta danne ƙirjinsa da hannu biyu.

"Kwanta, ɗan nema! Ke kuma rufe min baki, in ba takaba kike marmari ba."

"Haba Inna, mijina ne fa!"

"To, bar shi ya kai gobe yana mijinki."

A ragar kwanciyarsa aka fito da shi, a hankali kamar ƙwai. Aagje na biye, ta toshe baki da gyale, hawaye shaɓe-shaɓe. Yau Wouter ba haƙori ko ɗaya, sai ya jiƙa burodi a madara, amma faɗansu da Aagje har maƙwabta na ji.

Inna, ke ce kika shiga inda maza suka noƙe. Ke ce kika sha zagin mata don mazansu su rayu. Mun gode, Allah ya biya ki.

Bana ƙafarta ta ƙi hawa tsani, ta ajiye aiki. Ni kam tsoro nake ji, domin jirage na hanya kuma har yau ba wanda ya karɓi tulun. Matan Texel, ɗaya ta je ta koya tun Inna na iya magana. Wanda ke kwance a ƙasan jirgin nan, wataƙila mijinki ne, muryarki zai ji ya zabura.