Jarkokin da Na Ɗauraye Sama-sama

Har yau ranar da aka kori Inna Hajjo daga wurin aikinmu ba ta bar raina ba, domin laifin nawa ne. Ku sababbi ku saurara, ba zan maimaita ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a wurin tara madarar nan na Birnin Gwari. Tsarin kamar na yanzu ne: matan ruga su kawo da hantsi, a tace, a dafa, ta huce, a zuba a jarkoki. Nawa aikin wankin jarkoki. Ƙa'ida ita ce a cika kowace da tafasasshen ruwa, a rufe, a bari ta jima.

Wata damina hanyar Damari, wadda matan ruga ke bi, ta rufe mako uku saboda 'yan bindiga. Jarkokin suna jingine a sito, da guntun ruwan ɗauraya a gindinsu. Da hanya ta buɗe, Inna Hajjo ce ta fara isowa, tsohuwa, a ƙafa, da ƙwarya a ka. Itace ya yi wuya, ba mai shiga daji. Na ce a raina, mako uku ba ɗigon madara, me ƙwayar cuta za ta ci? Ai yunwa ta gama da ita. Na ɗumama ruwa, na girgiza, na zubar. Aka dafa madarar Inna, aka zuba a ciki.

Bayan kwana biyu aka kwantar da yara biyu da suka sha madarar. Manajanmu, Malam Sabo, bai yi dogon bincike ba.

"Inna, ke kaɗai kika kawo ran nan. Kada ki ƙara."

"Ɗana, tun kana hawa keke nake kawo muku."

"Na gama magana."

Ta juyo gare ni ta ce, "Ke 'yar nan, ai kin san hannuna." Na ci gaba da goge tukunya kamar ban ji ba.

Jami'in duba-gari ya zo ya ɗebi samfuri, har daga jarkokin da na ɗauraye ba a zuba musu komai ba. Da ya dawo da sakamako, ni ya kira.

"Malama, ruwan ya tafasa kuwa?"

"Yallaɓai, ya yi zafi. Kuma mako uku ba su ga abinci ba."

"Nan kika yi kuskure. Ƙwayar cuta in ta rasa abinci, ba duka ke mutuwa ba. Wadda ta rage sai ta tsuke, ta daina hayayyafa, ta ƙara tauri. Zafin da zai kashe mai ƙoshi, ita tana iya wuce shi. Kuna zuba madara, ta farfaɗo."

Na je na faɗa wa Malam Sabo komai. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya aika mai babur ruga a kira Inna. Mai babur ya dawo ya ce ba kowa, sun tashi da shanunsu, ba wanda ya san inda suka nufa. Yaran sun warke.

Ga abin da na koya. Jarkar da ta daɗe ba komai a ciki ta fi ta jiya buƙatar wuta, ko da da kujera za ku hura ta. Sannan a aikin nan, in abu ya lalace, wanda ya zo daga nesa ake fara kora, mu na ciki a ba mu takarda. Ni ina nan. Ita kuwa, duk inda take, a saninta madararta ce ta kwantar da yaran mutane.