Akwatin da ke kan tagar ɗakinmu

Shekarun baya, lokacin ina ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai, mu biyar ne a ɗaki mai gado shida a unguwar Al Ras, gado bisa gado. Wata rana mai gidan ya kawo wani dattijo mai girki a otal, ya ba shi gadon da ke saman nawa. Na ce masa, "Chaina?" Ya girgiza kai ya ce Tibet. Ni da na ajiye boko a aji huɗu, na ɗauka wata unguwa ce a Sharja, maƙwabciyar Dubai.

Mutumin ba shi da hayaniya, kuma abin da ya fara damuna ke nan. Kullum da safe sai ya jera ƙananan kofuna bakwai a kan taga, ya cika su da ruwa, ya ajiye wani ɗan akwatin ƙarfe a bayansu, ya yi ta jan carbi yana ƙus-ƙus. Ruwan nan bai taɓa sha ba. To wa ke sha?

A watan nan gwiwata ta kumbura. Na nuna wa abokina ɗan Gana, wanda gadonsa ke kusa da ƙofa. Ya dubi gwiwar, ya dubi tagar, ya ce, "Alhaji, ni ban ce komai ba. Amma wa ke kwana ƙarƙashin mai kofunan nan?"

Shi ke nan, bincikena ya kammala. Buhunan da nake ɗauka ina ɗan shekara sittin ban sa su a cikin zargi ba. Na je wajen mai gidan na ce ko mutumin nan ya bar ɗakin, ko mu biyar mu tashi. Sauran huɗun ba su san na zama kakakinsu ba. Mai gidan ya ce, "Khalas, an gama, ƙarshen wata zai tashi."

Saura kwana uku ya tashi, na ga ya shiga wanka ya bar akwatin. Na yi bisimilla na buɗe. Takarda ce 'yar mitsitsiya a nannaɗe, sai wani ƙyalle da ya yi baƙi. Ina cikin juya ta na ji muryarsa a bayana, da guntun Larabcinsa irin nawa: "Haji, shwayya shwayya, a hankali. Ta tsufa."

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gadona ya ce ta kakan mahaifinsa ce. Sojojin Ingila suka hau musu duwatsu da bindiga mai ruwa, su kuwa sai takobi da bindigar toka, da wannan a wuya, an ce musu harsashi ba zai ratsa mai ita ba. Aka yi karo a wani fili gaban katanga. Kakan nasa bai dawo ba, ƙaninsa ne ya kawo akwatin gida. Ruwan kuwa, in ji shi, sadaka ce ta ibadarsu, ba ruwanta da kowa.

Na miƙa masa takardarsa. A gidanmu akwai layar da kakana ya ɗaura ranar da Nasara suka fasa ganuwar Kano, da irin wannan alkawari. Na faɗa masa.

Ya ce, "Taku ta yi aiki?"

Na ce, "Ya dawo da ransa, amma a guje ya dawo. Har yau ana gardama a gidanmu, laya ce ko ƙafa."

Ranar na fara ganin haƙoransa.

Na koma wajen mai gidan na ce na janye ƙara. Ya ce, "Habibi, gadon na riga na ba wani. Mutum ɗaya zai fita, ku zaɓa." Abokina ɗan Gana ya rantse shi bai taɓa cewa komai ba, kuma gaskiyarsa.

Ni na fita. Na samu gado a Bur Dubai, can ƙetaren ruwa, na shekara biyu ina hawa kwalekwale safe da yamma zuwa aiki. Shi dattijon bai taɓa sanin ni na kai ƙararsa ba, har kaya ya taya ni ɗauka zuwa bakin ruwa yana ta cewa zai yi kewata.

Ku masu digiri ku ba abin sunan da kuke so. Ni dai tun daga lokacin, in na ga baƙo yana abin da ban gane ba, nakan tambaye shi kafin in tambayi abokina. Zargi bai sake ni ba, don ba a sauya hali a tsufa, sai dai yanzu da kaina nake farawa.