Tokar Kaka Hannatu

A gidanmu na Gwange, wutar da muka fi ɗoki a shekara ita ce ta Talatar jajibirin Larabar Toka. Kakata, Kaka Hannatu, ita ce mai haɗa toka a cocinmu na Angilikan tun kafin a haifi mahaifiyata. Mutane kan kawo mata 'yan giciyen ganyen dabino da aka raba a Lahadin Dabino ta bara. Bayan an ci tuwo sai ta tara su a kasko ta cinna wuta, mu jikoki mu kewaye ta, kafin ganyen ya cinye ta ba mu tatsuniya. Da asuba ta tankaɗe tokar, ta kwaɓa da ɗan man zaitun, ta kai wa Rabaran a ƙaramar tasa. Shi kuma ya zana wa kowa giciye a goshi, azumin kwana arba'in ya kama. Kaka ba ta iya karatu ba, ba ta da kujera a sahun gaba. Wannan aikin kaɗai ne nata, da shi take ɗaga kai a cikin jama'a.

Ina aji biyar aka naɗa Madam Dorkas shugabar mata masu gyaran bagadi. Matar wani babban ma'aikaci ce, irin masu azumi da shela: tun daga ƙofar coci take hamma tana duba agogo, don kada wani ya zaci ta karya. Ranar Litinin, saura kwana biyu Larabar Toka, ta zo gidanmu, ta tsaya a bakin zaure kamar ƙasarmu za ta cije ta.

"Mama, bana za mu hutar da ke," in ji ta. "Tokarki baƙa ƙirin ce, ga warin hayaki, tana ɓata wa mutane ɗankwali."

"To, 'yata," in ji Kaka. "Amma da me za ku kwaɓa taku?"

"Wannan ki bar mana, Mama. Mun yi makaranta."

Kaka ta buɗe baki za ta ƙara magana, Madam ta riga ta shige mota.

Yammacin Talatar nan babu kasko. Muka zauna a gefen murhu. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, Babarbariya ce mai sayar da turaren wuta, ta leƙo ta katanga ta yi gaisuwa da Barbarci. "Wushe, Ya Hannatu. Yau hayakin naku bai tashi ba?" Kaka ta ce an hutar da ita. Ya Falmata ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi wa mutum ritaya daga aikin Allah ba.

Sai Kaka ta gyara itace ta ce, "Ku matso, wata tatsuniya ta iso, ku ba ta wuri."

Wai wata shekara ruwa ya ƙi sauka, daji ya ƙone, tsuntsaye suka yi shawarar tuba. Aka ce kowa ya yi birgima a tokar daji, sannan a taru a gindin kuka a roƙi Allah. Kurciya ta yi, fakara ta yi, har ungulu ta yi. Balbela ta dubi fararen fukafukanta ta ce ita ba da ita ba. Ta je ta samo farar ƙasa mai laushi, ta ɗiga ɗigo ɗaya a goshi, ta zo ta tsaya a gaba, kukanta ya fi na kowa ƙarfi. Da mala'ika ya sauko raba abinci, ashe ba da ido yake tantance masu tuba ba, da hanci yake yi. Duk wanda ya ji yana warin hayaki sai ya ba shi rabonsa, wannan hatsi, wancan 'ya'yan itace. Da ya zo kan balbela ya sunsuna, ya ce, "Ke ai baƙuwa ce, kallo kika zo." Ya wuce. "Shi ya sa har yau," in ji Kaka, "kuke ganinta fes-fes, tana bin bayan shanu tana tsintar kaska. Ta ƙare, wutar ma ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Washegari muka ga abin da makaranta ta haifar. Madam ta sa an ɗebo tokar itace daga gidan burodi, fara sol, an tankaɗe sau uku, an kwaɓa da ruwa da turare a kwanon azurfa. Duk macen da ta taɓa tsayawa a gaban murhu ta san ruwan toka yana cin fata, da shi ake sabulu. Amma su Madam ba su san hanyar madafarsu ba. Madam ce ta fara karɓa, ta kuma ce a zana mata babba. Kafin waƙar rufewa rabin coci na sosa goshi. Mu ne a ƙarshen layi. Kaka tana jin ƙanshin abin ta gane, ta goge namu nan take da bakin zaninta. Nata ta bar shi, ta ce ba ta taɓa goge giciye ba, ba kuma yau za ta fara ba.

Su Madam da ma al'adarsu ce su goge tokar da hankici a bakin ƙofa kafin su wuce ofis. A wannan karon giciyen ya ƙi goguwa. Ya yi bororo, ya bushe, ya zama baƙin tabo, suka yi ta yawo da shi a gari har bayan Ista. Madam ta koma ɗaura ɗankwali har kan gira. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ba wanda ya zo ba Kaka haƙuri. A coci aka ce sharrin Shaiɗan ne, aka yi addu'a a kansa. Shekara ta zagayo sai ga direban Madam da buhun ganyen dabino. Kaka ta ƙona ta kwaɓa, aka juye a kwanon azurfa, a sanarwa aka gode wa mata masu gyaran bagadi. Haka ta yi shekara huɗu ba tare da an ambaci sunanta ba. Ranar da muka wanke gawarta tabon yana nan a goshinta, ya dusashe amma bai ɓace ba. Har yau raina yana ɓaci in na tuna kwanon nan.

Yanzu ni ke ƙona toka a cocinmu na unguwar Mairi, ni ke ba 'ya'yana labarin balbela a gefen kasko, kuma duk lokacin da na ba da shi fuskar Madam Dorkas nake gani. Sai dai a shekarun da garin nan ya rikice na koyi goge goshina kafin in fita titi. Tsoro ne, ba na jin kunyarsa. Gari ya lafa, hankicin bai bar jakata ba, don ba na son a yi ta kallona a wurin aiki. Bara ina tsaye bakin titi ina gogewa kafin in tsayar da keken haya, sai ƙaramar 'yata ta ja min zani.

"Mama," in ji ta, "ke ma shanun za ki bi?"